Mangwaron Hajiya da Na Hana Haihuwa

Shekara tara ke nan cif da rasuwar matata, Hajiya Dijatu. A ƙarshen damina ta tafi, lokacin da yakuwarta ta fara ja, kuɓewar da ta yanyanka tana shanye a kan tabarma ba ta gama bushewa ba. Shekara talatin da huɗu muka yi tare. A tsawon zaman nan ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, ita ma "Malam" kawai take ce mini, yara kuma su ce mata Dada. Yau ga shi na rubuta sunan a jarida kowa ya karanta. Da tana nan da ta rufe baki da gefen mayafi ta ce tsufa ya fara taɓa ni.

Waɗanda suka san ta sun san alherinta, ba sai na tsaya jero shi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne itacen mangwaro guda ɗaya da ta bari a tsakar gidanmu na Barunde, da amanarsa da ta ba ni, da yadda na shafe shekara huɗu ina ɓata amanar nan safe da yamma, ina kuma ganin kaina gwanin riƙon alkawari.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya. Fatauci ne ya kawo kakana Gombe daga ƙasar Katsina, ni kuma a unguwar Dawaki aka haife ni, a gidan da in tsiro ya kuskura ya leƙo a tsakar gida akuya ce ke yi masa maraba. Duk abin da na sani game da shuka a littafi na gan shi. Na zana wa yara saiwa da ganye da fure a allo ba adadi, na kuma zane wanda ya kasa haddacewa, alhali ban taɓa dasa ko barkono ba. Hajiya kuwa a hannun kakarta ta tashi, a wani ƙauye da ke hanyar Dukku, inda yarinya ke sanin fartanya kafin ta san kwalliya.

Lokacin da muka tare a Barunde unguwar ba ta wuce gidaje jefi-jefi da yashi ba. Niyyata in shafe tsakar gida da siminti tun daga zaure har bakin kicin, yadda manyan ma'aikata ke yi. Ta tsaya a ɓangaren gabas, ta ja layi da ƙafa a kan yashi ta ce, "Malam, daga nan zuwa katanga ka bar mini." Na ce me za a yi da yashin Gombe, wanda ko ruwa ba ya riƙewa? Washegari na dawo daga makaranta na tarar an jibge mata buhunan kashin shanu daidai inda na yi niyyar ajiye babur.

Ba ta da kalanda a bango, amma shekararta a tsare take fiye da tawa mai jadawalin zango. Ruwan farko ba ya ruɗa ta. Takan ce wannan na gaisuwa ne, sai ƙasa ta sha na uku sannan ta fito da kwalaben iri da ta adana cikin toka. Kuɓewa a gaba, yakuwa da rama a jikin katanga, alayyafo kuwa duk inda ya ga dama. In kaka ta yi gida ya koma wurin shanya, da kyar mutum ke samun inda zai taka. Takan zaɓi kuɓewa mafi girma ta bar ta ta bushe a jikin uwarta, wanda ya taɓa kuma ya sha faɗa ko wane ne, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Sanyi na sauka sai ta tayar da fangali uku ta zuba latas da karas da tumatir. Bazara ce kaɗai take saki, ta lulluɓe gindin itatuwa da busasshiyar ciyawa, ta ce yanzu ba noma ake yi ba, riƙon rai ake yi. Shekara ashirin da ɗoriya ban san an sayi ganyen miya a gidana ba, ban kuma taɓa ce mata sannu ba. Ɗauka nake haka kowane gida yake.

Duk wanda ya zauna a Gombe ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Famfo ya zo yau, ya yi fushi kwana biyar. Saboda haka a gidanmu ruwa sau biyu yake aiki: wanda aka wanke shinkafa ya tafi gindin zogale, wanda aka ɗauraye kwanuka ya tafi gwaiba. Ni ma ba a ƙyale ni ba. Ta samo wani faffaɗan dutse ta ajiye mini in riƙa alwala a kai, ruwan ya gangara gindin itace. Sai dai dutsen nan ba ya zama wuri ɗaya. Wani lokaci in same shi a ƙarƙashin mangwaro, wani lokaci in fito da buta in tarar an mirgina shi can gindin gwanda, inda inuwar ba ta isa ta rufe hular mutum ba. Na sha yin mita. Takan yi dariya ta ce in yi haƙuri, lokacin komawata zai zo. Na ɗauka irin halin matan nan ne na sauya wa gado wuri, ban taɓa tambayar dalili ba.

Shi mangwaron ɗan aure ne, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau da gindin na gida. A wajen wani mai rainon itatuwa ta samo shi yana ɗan tsiro a leda, ta rungumo shi a mota kamar jariri. Bai yi tsawo ba, faɗi ya yi. 'Ya'yansa manya ne, babu zare, in aka yanka ɗaya a kicin wanda ke zaure ya sani. Dokarta a kansa ɗaya ce: ɗibar farko ba ta gida ba ce. A cika kwanduna a kai wa maƙwabta, a kai ƙofar masallaci, a kai wa wasu tsofaffi da ni ban ma san inda ta san su ba. 'Ya'yanmu su yi ta haɗiyar yawu har sai an gama rabo. Ta riƙe abin nan da malamai ke faɗa mana, cewa wanda ya dasa itace, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga jikinsa sadaka ce a gare shi, ko da bayan ransa. Ko jemagun da ke yi mana ɓarna ba ta yarda a jefe su ba.

Ciwonta bai daɗe ba. Ana saura kwana huɗu ta cika, da la'asar, ta sa aka fito da ita tsakar gida aka jingina ta da matashi. Ta daɗe tana kallon itacen, sannan ta ce, "Malam, ban gina masallaci ba, ban haƙa rijiya ba. Wannan ne ɗan guzurina. Ka kula mini da shi, kada rabon nan ya tsaya." Na tare ta da cewa in Allah ya yarda ita za ta ci gaba da rabonta da hannunta. Ta yi mini irin kallon da takan yi in na faɗi abin da mu duka mun san ba haka ba ne, ta yi shiru. Da ni ne na yi shirun a ranar na saurara, watakila da ta faɗa mini yadda ake kulawar.

Bayan an tashi daga zaman makoki baƙi sun watse, sai gida ya yi mini girma. A lokacin ina da hawan jini, suga ya fara leƙowa, ga tumbi, ga gwiwar da ba ta barina in yi sujada sai da dabara. Daga gado sai kujera, daga kujera sai masallaci a mota, masallacin da bai wuce ƙarshen layinmu ba. Na yi kusan wata biyu a haka ban ko kalli ɓangaren gabas ba, don duk inda na duba ita nake gani.

Ranar da na daure na taka wurin, sai na tarar da ƙasar gindin mangwaro ta bushe ƙamas har ta tsattsage. Kunya ta kama ni kamar tana kallona. Ga dutsen alwala can gindin gwanda, inda ta sa aka mayar da shi tana kwance. Na ce lalle zafin ciwo ne ya ruɗa ta. Na mirgino shi da kaina ina nishi, na sayo bokiti biyu, na kafa wa kaina doka: shida bayan an fito sallar asuba, shida bayan la'asar, daga tankin da ke bakin zaure zuwa gindin itace, ga kuma ruwan alwala sau biyar. Wani abokina mai kiwon kaji ya riƙa aiko mini da taki, ni kuma in zuba ba awo.

Itacen ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Ganye ya yi kore shar, sabon toho ja-ja ya rufe shi a tsakiyar sanyi, daidai lokacin da mangwarorin unguwa suka lulluɓe da huda. Nawa kuwa ko fure ɗaya. Bazara ta zo ta wuce babu ko ɗa guda na rantsuwa. Matan da suka saba karɓar rabo suka ce ai itace ma ya san uwargijiyarsa ta tafi, takaba yake yi. Maganar ta yi mini daɗi, har na riƙa maimaita ta ga baƙi kamar ni na gano ta.

A shekara ta biyu na ƙara bokiti biyu. A ta uku wani ya ce in buga masa ƙusa a gindi, na buga uku, ni da na yi shekara talatin ina koyar da kimiyya. Wani ya ce baki ne, a yi masa tofi, aka yi. A bazarar nan kunya ta ishe ni, na tafi kasuwa na sayo mangwaro mai kyau na zuba a kwandunanta na aika gida-gida. Kafin la'asar wata tsohuwa da ke bayan layinmu, Goggo Adama, ta aiko a ce mini ta gode, Allah ya ba da lada, amma wannan ba na Dijatu ba ne. Ban sake ba. Goggo Adama ta rasu a daminar da ta biyo ba ta ƙara ɗanɗana shi ba, wannan kuma yana cikin abin da ba zan iya gyarawa ba. Abin da ke cina shi ne, Hajiya ta cika nata, ta dasa ta raina ta yi niyya, sai a hannuna ladanta ya tsaya cak. Duk bazarar da ta wuce babu rabo, ji nake ni na tare mata hanya.

Amma Allah mai hikima ne. Garin kai da kawo da bokiti sai idona ya fara sauka kan sauran wurin. Kwalaben irinta suna nan a kicin cikin tokarsu, na fito da su na shiga kwaikwayon abin da na iya tunawa. Shekarar farko na shuka da ruwan gaisuwa, rana ta ƙone komai. Latas da tumatir kuwa su ruwa suke so, na ba su, suka yi, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa hanyata daidai ce, mangwaro ne mai taurin kai. Wanda ya noma ganye kuwa dole ya ci: kwaɗon zogale, miyar alayyafo, gwanda da safe a maimakon shayi mai kauri da burodi. Wandona ya fara zamewa. Gwiwa ta saki har na koma zuwa masallaci a ƙasa. Barcin da ya ƙaurace mini tun rasuwarta ya dawo, don jikin da ya gaji ba ya jiran izinin zuciya. Wata rana likitan da ke duba ni ya auna ni, ya sake aunawa, ya cire tabarau ya ce, "Baba, me ka canza?" Na ce ban canza komai ba, ban ruwa kawai nake yi. Ya rage mini ƙwaya ɗaya cikin waɗanda nake sha, ya ce ko mene ne kada in daina. Ban ce lambu ya maye gurbin asibiti ba, har gobe ina shan maganina a kan lokaci. Rai kuma a hannun Allah yake. Amma na san mutumin da ya lafe a kujerar nan, da ya ci gaba da zama, da wuya ya kai yau da ƙafarsa.

Nakan zauna in ce da Hajiya za ta leƙo Barunden yau, me za ta ce? Gidaje sun haɗe, kowa ya shimfiɗe tsakar gidansa da bulon intalok har jikin katanga, sannan a zauna ana kukan zafi, ana kukan tumatir ya fi ƙarfin talaka. Ruwan saman da a da ƙasa ke sha, yanzu titi yake bi da gudu yana neman kwari. A ɗaya gefen kuma, matan da a da ba sa taɓa ƙasa don kada lalle ya ɓaci, yanzu su ke cika tsofaffin buhuna da taki suna shuka barkono a bayan kicin, suna koyo a waya. Zogalen da aka raina ana ce masa abincin marasa hali ya shiga kwalba an liƙa masa takarda, masu suga na layi a kansa. Na san dariya za ta yi, ta ce ashe sai waya ta faɗa za a yarda. Na kuma san kafin dariyar ta ƙare ta ƙulla musu iri a leda ta aika. Ba ta da rowar sani. Ni ne dai ban tambaya ba.

A shekara ta huɗu babban ɗanmu Nasiru ya tashi gina sashensa a cikin gida. Iyalinsa sun ƙaru, zaman haya ya ishe shi. Wuri ɗaya ne zai isa, shi ne ɓangaren gabas, mangwaro kuma a tsakiya yake. Nasiru mai ladabi ne, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito fili. "Baba, wallahi ni ma ina son itacen Dada. Amma shekara huɗu fa ba rizol, ganye kawai ake shara. In aka cire shi za a samu ɗaki uku har da wurin fakin." Ban ga laifinsa ba. Itacen da ba ya haihuwa ba abin da yake kai wa Hajiya, jikokinta kuma suna bukatar ɗaki. Na roƙe shi shekara ɗaya: in sanyi mai zuwa ya wuce bai yi huda ba, ya kira mai inji a sare. Da bakina na faɗa, na kuma shiga ɗaki na kasa cin abincin rana.

Damina ta ɗauke ke nan, ina tsakiyar zirga-zirga da bokitaina da la'asar, sai ga sallama. Mama Saratu ce, tsohuwar maƙwabciyarmu, Batangaliya, nas mai ritaya. Shekara goma sha biyar ita da Hajiya suna miƙa wa juna iri da dashe ta kan katanga, ita ta kawo mana cincin ranar Kirsimeti, mu mu kai mata naman layya. Ta koma Kaltungo wajen 'yarta jim kaɗan bayan rasuwar. Yanzu tantance 'yan fansho ne ya kawo ta gari, ta ce ba za ta koma ba ta gaishe ni ba. Ko zama ba ta yi ba idonta ya sauka kan caɓin da ke gindin itacen.

"Malam, wane aiki ke nan?"

"Ban ruwa, Mama. Amanar ƙawarki ce."

"Yanzu? Damina ya ƙare jiya-jiya?" Ta matsa kusa, ta ga dutsen alwala, ta tsaya. "Wa ya kawo dutsen nan wurin nan a wannan lokaci?"

Na ce ni ne, tun shekarar rasuwa. Ta tambayi shekara nawa bai haihu ba, na ce huɗu. Ta riƙe haɓa.

"Kai, Malam! Ina zai haihu? Mangwaro in damina ya wuce ƙyale shi ake yi. Wata biyu, wata uku, ko ɗigo. Sai ya ji ƙishi, sanyi ya buge shi, sannan ya fid da huda. In 'ya'ya sun ƙulla sun kai kamar gyaɗa, to a nan ne za ka ba shi ya sha. Kai kana ba shi ruwa, kana ba shi kashin kaji, me zai dame shi? Ganye zai yi ta yi maka. Shi ya sa Dijatu ke tura ka gindin gwanda."

Wanzami ba ya son jarfa. Na fara kawo mata bayanin littafi, cewa kowane tsiro na bukatar ruwa da hasken rana, ta ɗaga mini hannu yadda ta saba yi wa majinyaci mai gardama. Ta ce in gwada sau ɗaya, in bai yi ba in zo har Kaltungo in yi mata dariya. Bayan ta tafi na zauna a kan dutsen na bi shekarun baya ɗaya bayan ɗaya: gindin gwanda daga ɗaukewar ruwa zuwa ƙarshen sanyi, gindin mangwaro daga nan zuwa saukar damina. Shekara goma sha ana mirgina ni tare da dutsen, ban gane ba. Ko a kan gadon ciwo ba ta manta ba, ita ta sa aka kawar da shi, ni na dawo da shi ina cewa ciwo ya ruɗa ta. Rashin sani ya fi dare duhu. A ranar na nemi gafararta da baki, ni kaɗai a tsakar gida.

Wata ukun da suka biyo baya sun fi shekara huɗun nan wahala. Ɗaukar ruwa aiki ne, mutum na ji a kafaɗarsa cewa yana yin wani abu. Amma ka wuce itacen da aka ba ka amana da bokiti cike a hannu ka kai wa latas, ƙasar gindinsa na tsagewa, ganyensa ya dushe wasu na zubowa, wannan sai mai taurin zuciya. In Mama Saratu ta yi kuskure fa? Damar ƙarshe ce, tana wucewa inji zai shigo. Nasiru ya riga ya sauke yashi da bulo a ƙofar gida, kullum na fita sai na gan su. Akwai ranar da na kai bokiti har gindinsa na karkata shi, sai na tuna fuskar Hajiya in an taɓa mata kuɓewar iri, na juya na zuba wa albasa. Tun da likita ya ce kada in daina, sai na ƙara fangali biyu don bokitan su sami wurin zuwa. A shekarar har liman sai da ya gaji da latas ɗina.

Wata safiya, sanyi ya kai inda ya kai, na fito zan duba tumatir sai na ji wani ƙamshi mai ɗan hawa kai da na manta da shi, tare da ƙugin ƙudaje da zuma. Na ɗaga kai. A kan rassan da ke kallon gabas ga huda nan tsaye cirko-cirko. Kafin mako biyu ta rufe itacen ruf, ganye ma da kyar ake gani. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, irin wanda na haɗiye ranar jana'iza saboda idon mutane. Nasiru ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya cire hula ya mayar, sannan ya kira magini ya ce a sake awo. Sashensa ya fito ɗaki biyu ƙanana. Motarsa har yau a waje take kwana, bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Bana ɗiba ta biyar ke nan. In na auna abin da ya saura na Hajiya Dijatu, kayan sawarta an rabar tuni, muryarta ma, Allah ya sani, wani lokaci sai na yi da gaske nake tuno ta. Ƙananan jikokinta a hoto suka san ta. Amma irin kuɓewarta bai yanke ba, yana gidaje bakwai a layinmu, matar Nasiru ce yanzu ke riƙe da kwalaben, ita ma ta iya faɗa in an taɓa. Ni kaina ina cikin abin da ta bari: dattijo ɗan shekara saba'in da ɗaya da ke sunkuyawa ya cire ciyawa ya miƙe ba tare da ya dafa bango ba. Ban sani ba ko da gangan ta ɗora mini aikin, don ta san in ba a ba ni abin yi ba kujera ce za ta cinye ni. Sanin halinta, ba zan rantse ba. Na gode mata. Na gode wa Mama Saratu da bakinta marar kewaye. Na gode wa Allah da ya sa ko kuskurena bai tafi a banza ba.

Amma in aka ce in zaɓi rana ɗaya cikin shekaru taran nan, ranar da rabo ya dawo zan zaɓa. Na cika kwanduna na bi gidajen da na sani da ƙafata. Wasu sun rasu, wasu sun tashi, wasu kuma ban taɓa sanin gidajensu ba, da sunayensu ta tafi. Kwando ɗaya ya ragu, a dokarta kuma ba na gida ba ne. Sai na hau keke mai ƙafa uku da shi zuwa babbar kasuwa, na sauka inda 'yan dako ke fakewa a inuwar rumfa da tsakar rana, na ajiye na ce sadaka ce. Wani dattijo a cikinsu, gammo a kafaɗa, ya ɗauki ɗaya ya goga a riga ya gatsa. Ya tsaya da tauna, ya dubi mangwaron, ya dube ni.

"Alhaji, wa ya dasa wannan?"

Na ce matata ce, ta rasu, shekara biyar ke nan ba kaɗan.

Bai san ta ba, bai kuma tambayi sunanta ba. Ya ajiye mangwaron a kan gwiwa, ya goge hannu a wando, ya ɗaga tafuka. Sauran ma suka ajiye nasu suka ɗaga. Mutum goma sha ɗaya, bakinsu duk ruwan mangwaro, suna roƙa mata Allah ya sanyaya makwanci, ya ciyar da ita daga itatuwan Aljanna. Ni kuwa ina tsaye a rana, sai kai nake gyaɗawa.